Yadda ake maganin shotkat ɗin da suka cika maka fuskar kwamfutar ofis

Wata abokiyar aikina a nan Zariya ta ishe ni da mita, wai kullum sai ta goge shotkat ɗin Edge da na Adobe, kafin a tashi daga aiki sun sake tsirowa kamar ciyawar damina. To bari in yi bayanin abin kowa ya huta.

Da farko, goge shotkat ba ya cire manhaja, ɗan hoton nan mai kibiya a gindi nuni ne kawai, manhajar na nan daram.

Ka yi masa rait-kilik, ka shiga Properties, sai General, ka duba Location. In ka ga sunanka a layin kafin Desktop, naka ne, dilit kawai, ko ka buɗe folda ɗaya ka tara su a ciki. In kuwa Public ka gani, to nan gizo ke saƙar, don wannan foldar ta duk wanda ke shiga kwamfutar ce, Windows zai nemi fasawod ɗin admin, kai kuma ba a ba ka ba.

Wanda ka goge ya dawo fa? Ko dai manhajar ta yi afdet ta sake dasa shi, ko kuma 'yan IT ne suka saka shi ta Group Policy, wato hanyar da suke tura wa kwamfutocin ofis saiti, wadda kwamfuta ke sabuntawa kusan duk minti 90, ka ga ko sau ɗari ka goge ɗiban ruwa da kwando kake.

Ni dai abin da nake yi, rait-kilik a filin fuskar kwamfutar inda babu komai, View, in cire alamar da ke kan Show desktop icons. Komai zai ɓuya har fayil ɗinka, amma suna nan a File Explorer.

In lallai so kake a cire, je wurin mai IT ɗinku, "Malam don Allah a taimaka a rage min waɗannan". Kar ka karɓi fasawod ɗin admin a bayan fage, in abu ya lalace kai za a riƙe.

Af, in filas ka kai shagon firintin a Samaru ka dawo ka ga fayil ɗinka duk sun koma shotkat, wannan bairos ne, kar ka danna ko ɗaya, zare filas ɗin ka kai wa 'yan IT su duba.