Yadda za ki ba matan unguwa labarin Albertina Sisulu ran 8 ga Maris

Bara matan adashinmu a nan Garwa suka ɗora mini jawabin ranar mata. Na ce ba zan tsaya kan yabon zanen bikin ba, sai na ɗauko Albertina Sisulu ta Afirka ta Kudu, wadda ta yi gwagwarmaya da mulkin wariyar launin fata. In bana ke aka ɗora wa, 'yar'uwa, ga yadda na tsara nawa.

Kada ki fara da majalisa. Da kin ce 'yar majalisa ce, za su ɗauka irin masu manyan motocin Yawunde ce, hankali ya koma kan kwanon abinci. Fara da sana'arta: ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma. Aikina ke nan ni ma, shi ya sa take shiga raina. An haife ta a 1918 a wani ƙauye a yankin Transkei na ƙasar, ita ce babbar 'ya mace, uwar ba ta da lafiya, rainon ƙanne ya riƙa katse mata makaranta. Duk zauren babu wadda ba ta san irin wannan yarinyar ba.

Daga nan ki zauna sosai kan dokar takardar izini, don nan ne zuciyar labarin. Ki ce musu baƙar fata, a ƙasar kakanninsa, ba ya shiga yankin Turawa ko ya yi aiki can sai da takarda a aljihu, in babu sai kurkuku. Da gwamnati ta ce mata ma su riƙe ta, ranar 9 ga Agusta 1956 mata kimanin 20,000 suka nufi fadar gwamnati a Firitoriya, wasu da goyo, Albertina na cikinsu. Suka tsaya shiru rabin awa. Ni a nan na roƙi matanmu shirun minti ɗaya tak. Ki gwada, za ki ga yadda fuskoki ke sauyawa.

Shekarun wahala ki bi su a jere. An tsare ta a 1963. A 1964 aka yanke wa mijinta Walter ɗaurin rai da rai tare da Mandela, bai fito ba sai 1989. Ita kuma shekara da shekaru an hana ta zama cikin taro.

Sai yanzu majalisa. Ta shiga a 1994 tana da shekara 75, kuma ita ta tashi ta gabatar da sunan Mandela a matsayin shugaban ƙasa. Ta bar kujerar a 1999, ta rasu a 2011.

Ki rubuta shekarun nan a 'yar takarda, kada su rikice miki. Minti 15 ya isa, kin san zafin Maris a Garwa, ki bari sai bayan la'asar. Ki zaunar da mai juya magana da Fulatanci kusa da ke.

Ki kuma shirya wa tambaya guda. Ni wata dattijuwa ce ta ɗaga hannu ta ce, "'Yata, to wa ya ciyar da yaran?" Ki ce mata da albashin jinya ta riƙe 'ya'yanta biyar har da na dangi, ta tura wasu karatu maƙwabciyar ƙasa Suwazilan. Ɗanta Max ya zama kakakin majalisa a 2009, tana raye ta gani.