Kurakuran da mata suka fi yi wajen ƙirga kwanakin al'ada

Babban kuskure yana wajen fara ƙirge. Mata da yawa suna farawa ne daga ranar da suka yi wankan tsarki, kuma ba abin mamaki ba ne, domin ita ce ranar da muke lura da ita saboda sallah da azumi. Amma a lissafin asibiti, rana ta ɗaya ita ce ranar da jini ya fara zuba sosai. Daga nan za ki ƙirga har zuwa ranar da ke gaban zuwan na gaba. Idan ya zo ran 3 ga Maris, ya sake zuwa ran 31 ga Maris, zagayenki kwana 28 ne. Ɗan ɗigo mai ruwan ƙasa da wasu ke gani kafin jinin ya sauko ba a sa shi a wannan lissafi. Hukuncinsa a ibada kuwa magana ce ta malamai, a can ake tambaya.

Ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe ce kuma ake tambayarki a wajen awon ciki, domin daga ita ake ƙirga makonni 40 na ciki. In kika ba da ranar tsarki, kin karkatar da lissafin da kusan mako guda.

Sai masu jiran kwanan wata ɗaya kullum. Mai zagayen kwana 28 da ta gani ran 31 ga Maris, ran 28 ga Afrilu za ta sake gani. Sai hankalinta ya tashi, ta ce al'adarta ta rikice, alhali lafiya lau take. Watan Bature yana da kwana 30 ko 31 in ban da Fabrairu, na Musulunci 29 ko 30, jiki kuwa bai san kalanda ba. Kwanaki ake ƙirgawa.

Wanda ya fi damuna shi ne maganar cewa zagaye kwana 28 ne, ƙwai kuma yana fita a rana ta 14, da ake ɗora wa kowace mace. Ga babbar mace, zagaye daga kwana 21 zuwa 35 duk daidai ne, budurwar da ta fara kwanan nan ma takan wuce haka. Ƙwai yana fita ne kimanin kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. To mai zagayen kwana 35 tana sakin ƙwai wajen rana ta 21, mai kwana 24 kuwa wajen rana ta 10. Ki duba matar da ke neman haihuwa, tana ta dogara da rana ta 14 alhali nata lokacin sai mako guda bayan haka, ga gorin dangin miji, ga kuɗin magani da ba ta bukata. Mai son tazara kuma tana ganin da ta yi wanka ba abin da zai faru. Maniyyi yana iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace, shi ya sa mai gajeren zagaye za ta iya ɗaukar ciki daga kwanciyar da aka yi jim kaɗan bayan tsarki.

Gyaran yana bukatar haƙuri. Ki rubuta ranar farko ta kowane wata a littafi ko a waya, har wata shida, kada ki dogara da tuni. Sannan ki cire 18 daga zagaye mafi gajarta, ki cire 11 daga mafi tsawo. Idan 27 ne da 31, kwanakin da ciki zai iya shiga su ne daga rana ta 9 zuwa ta 20. Manhajar waya hasashe take yi daga abin da kika shigar mata, ba ta ganin cikin jikinki.

Mai goyo kada ta dogara da wannan lissafi, domin ƙwai yana iya fita kafin al'adar ta dawo. Haka mai allurar tazarar haihuwa, da wadda ta bar ta kwanan nan.

Idan zagayenki yana kasa kwana 21 ko yana wuce 35 a kai a kai, ko jini yana haura mako guda, ko kina canza audugar mata kowace awa, ko kin yi wata uku ba ki gani ba kuma babu ciki, ki je asibiti, ki tafi da littafin da kika rubuta ranakun a ciki.