Kafin ka sayi lasisin shagon sanwici a Accra

Jama'a, masu sha'awar buɗe shagon sanwici da sunan kamfanin waje, ku fara duba kason da kamfanin zai riƙa karɓa. Daga ciniki ake cire shi, ko an ci riba ko ba a ci ba. Misali, kamfanin sanwici na Subway a Amurka na karɓar kashi 8 cikin ɗari, ga kashi 4.5 na talla. To ku tambaya, da dala za a biya ko da sidi? A 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 10. Idan kuma dole cuku da nama su zo daga dillalin da kamfanin ya zaɓa, abin ya ƙara nauyi.

Haya ma masu gida kan nemi ta shekara biyu gaba, duk da doka ta ce wata shida. Ku haɗa da kuɗin janareta, don dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ba ya tausayin firji.

Ku zauna gaban shagon da rana ku ƙirga masu shiga. Unguwar Osu ko East Legon za ta iya ɗaukar irin wannan shago. A unguwar Nima kuwa, wake da shinkafa zai yi wuyar kayarwa. Yarjejeniyar kuwa, lauya ya karanta kafin sa hannu.