Babi na 7: Maganin Ƙazwa da Wasu Cututtukan Fata

Darasi na 1: Gane ƙazwa da karanta kwalba

Ƙazwa ba daga jini take fitowa ba. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke shiga ƙarƙashin fata ya yi ƙwai. Alamarta ƙaiƙayi mai tsanani da dare, da ƙananan ƙuraje tsakanin yatsun hannu, da wuyan hannu, hammata, cibiya, ƙugu, ɗuwawu da al'aura. Jarirai tana fito musu har a tafin hannu da tafin ƙafa. Haɗa jiki da haɗa shimfiɗa ke yaɗa ta, shi ya sa ake yawan ganinta a makarantun allo da na kwana, da gidan da ake cunkushewa cikin bargo ɗaya lokacin hunturu.

A asibitin unguwa za a iya ba ku ɗaya daga cikin magunguna biyu. Na farko fari ne, ruwa-ruwa, cikin kwalba, an rubuta BENZYL BENZOATE 25%. Na biyu mai ne na matsawa, an rubuta PERMETHRIN 5%. Ku kwafi sunayen nan a littafinku harafi bayan harafi. In sun yi wuyar faɗa ba komai, sannu ba ta hana zuwa. A kemis sai ku nuna rubutun.

Alamar nan % ana karanta ta "cikin ɗari", ita ke nuna ƙarfin magani. Sai ku nemi haruffa uku: EXP. In kun ga EXP 08/2027, to 08 wata na takwas ne, wato Agusta, 2027 kuma shekara ce. Daga ƙarshen wannan wata maganin ya tashi aiki. Dukansu biyu na shafawa ne, ba a sha. A ajiye inda hannun yaro ba zai kai ba.

Na kwalba yana da zafi ga fatar yara, don haka ana sirka shi. Wanda ya haura shekara 12 zai shafa yadda yake. Yaro mai shekara 2 zuwa 12, murfi ɗaya na magani, murfi ɗaya na ruwa mai tsabta. Wanda bai kai shekara 2 ba, da mai juna biyu, ma'aikacin lafiya ne zai faɗi awo da tsawon lokaci. A girgiza kwalba kafin a zuba.

Darasi na 2: Yadda ake shafawa

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka za mu daɗe a nan.

Bayan sallar Isha'i, a yanke farce, a yi wanka da sabulu, a bari jiki ya bushe ya huce. Sannan a shafa daga wuya har tafin ƙafa. Jiki duka, ba inda ƙuraje suke kaɗai ba. Sau da yawa a aji akan ce, "Malam, ai nan ba shi ƙaiƙayi." Ko ba ya ƙaiƙayi a shafa, Baba. Ƙwaron yana nan inda bai nuna ba tukuna. Ku yi kamar mai yaɓen ɗaki, kada a bar ko ɗan gurbi: tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, hammata, ramin cibiya, matsematsi, tsakanin ɗuwawu, tsakanin yatsun ƙafa. Baya kuwa sai wani ya shafa muku. Ban da ido, ban da baki, ban da cikin al'aura, ban da buɗaɗɗen ciwo. Mai shayarwa ta wanke nono kafin ta ba jariri, in ya gama ta mayar da maganin.

PERMETHRIN yana kwana a jiki awa 8 zuwa 12, wato daga Isha'i zuwa safe, sannan a wanke. Bayan kwana 7 a sake, domin ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe ke nan. Babba yana buƙatar gram 30 a shafa ɗaya. In rabin gram 30 ɗin ya rage muku, ba ku shafa jiki duka ba. BENZYL BENZOATE kuma awa 24 yake yi, daga Isha'in yau zuwa Isha'in gobe. In an ce a maimaita, a maimaita ranar da aka faɗa.

To ku saurara da kyau. Duk inda ruwa ya taɓa kafin lokaci ya cika, magani ya fita daga wurin, sai an sake shafawa. Kun yi alwala, ku goge ruwan, ku sake shafa wa hannu har gwiwa, da ƙafa. Kun zaga kun yi tsarki, ku sake shafawa. Kun wanke hannu don cin tuwo, in kun gama ku sake shafawa. Inna, kin yi wanke-wanke, ki sake shafawa. Yatsun hannu ne gidan ƙazwa, su ne kuma muka fi wankewa. Mai amfani da na kwalba zai yi alwalar Asuba, Azahar, La'asar da Magariba kafin awa 24 ta cika, ke nan sau huɗu zai sake shafa wa hannu da ƙafa. Ku ajiye kwalbar kusa da buta, a sama. Mu faɗa tare: an wanke, a sake shafawa. A ƙara: an wanke, a sake shafawa. Madalla. Wanda ya manta sau ɗaya kada ya karaya, ya shafa da zarar ya tuna.

Kowa a gidan zai shafa a dare ɗaya, har wanda ba ya susa, domin ƙazwa takan yi mako 4 zuwa 6 a jiki kafin ƙaiƙayi ya soma. Kashegari a wanke tufafi da zanin gado da tawul da ruwan zafi, a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle a leda aƙalla kwana 3, ƙwaron ba ya daɗewa a raye in ba a jikin mutum ba.

Ƙaiƙayi na iya ci gaba mako 2 zuwa 4 bayan ƙwaron ya mutu. Wannan ba ya nufin magani bai yi ba. Amma har yau ana zuwa da yara an shafe su da baƙin mai, ko ruwan batir, ko maganin ƙwarin gona. Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? Wannan ƙona fata ne da sa wa yaro guba, ku daina. In ƙuraje sun yi mugunya, ko zazzaɓi ya shigo, ko fuska ta kumbura fitsari ya yi duhu, a tafi asibiti ranar, don ciwon na iya taɓa ƙoda. Akwai ƙwayar IVERMECTIN, amma da nauyin jiki ake ba da ita, ba a ba mai juna biyu, ba a ba yaron da bai kai kilo 15 ba.

Kafin mu wuce: kun yi alwalar Azahar, me za ku yi? A sake shafawa.

Darasi na 3: Makero

Makero tabo ne zagayayye, bakinsa ya ɗan tasa, yana faɗaɗa. Na jiki ana shafa masa CLOTRIMAZOLE safe da dare, mako 2 zuwa 4, a ɗan zarce bakin tabon. Ko ya ɓace kada a tsaya sai kwanakin sun cika. Na kai, mai cinye gashi, shafawa ba ta isa. Sai ƙwayar GRISEOFULVIN, mako 6 ko fiye, a sha bayan abinci mai maiƙo. Mai juna biyu ba ta sha. Kada a haɗa aska ko hula ko mataji.

Ku duba jikin kowane mai. In kun ga BETAMETHASONE ko CLOBETASOL, kada ku shafa sai likita ne ya rubuta. Yana kwantar da ƙaiƙayi, makero kuwa yana ta bazuwa, fata ta yi sirara ta yi nankarwa. Irinsa ake zubawa a mayukan bilicin da yawa.

Darasi na 4: Kyasbi

A shafa sabulun ruwa na KETOCONAZOLE 2%, a bar shi minti 5, a wanke, kullum har kwana 5. Launin fata yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita. Yakan dawo lokacin zafi.

Darasi na 5: Tabon da ba ya ji

Tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, a rufe wa mutum ido a taɓa wurin da auduga. In bai ji ba, a je a duba kuturta, a asibitin Amanawa da ke kusa da Sakkwato ko a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato. Maganin kyauta ne, wata 6 ko wata 12.

Aikin gida: ku zo da kwalin magani ɗaya, mu karanta EXP ɗinsa.