Yadda ake rina tsohon daɓen siminti ba tare da an fasa shi ba

Idan daɓen barandarka bai farfashe ba, launinsa na toka ne kawai ya ishe ka, kada ka yi saurin kiran mai tayil, kada kuma ka shafa masa fenti. Fenti a saman daɓe yake kwanciya, takalmi da shara su yi ta ɓare shi. Ni abin da nake ba mutane shawara shi ne rinin siminti mai asid. Ruwa ne da aka haɗa da asid da gishirin ƙarfe, yana ratsa daɓen ya haɗu da sinadarin farar ƙasa da ke cikin simintin, launi ya fito daga ciki, kamar yadda lalle ke kama fata. Launukansa ba su da yawa: ruwan ƙasa, jan tsatsa, sai kore mai ɗan shuɗi, wanda ba na so a waje domin danshi na baƙanta shi.

Kafin ka sayi komai, yayyafa ruwa a wurin. Idan daɓen ya shanye, ya yi duhu, zai karɓi rini. Idan ruwan ya tsaya ɗigo-ɗigo a sama, akwai maiƙo ko tsohon fenti, sai an goge shi da injin gurza. Sabon daɓe kuwa a bar shi ya cika kwana 28.

Wanki ne rabin aikin. Dubi gindin janareta inda baƙin mai ya ɗiga, da gefen murhu inda manja ya zuba. Duk wurin da maiƙo ya rage ba zai karɓi rini ba, zai fito dabam a tsakiyar launi. Sa omo da burushi mai tauri, ka dirje, ka ɗauraye har ruwan ya fita garau. Amma kada ka wanke da asid, don zai cinye farar ƙasar da rinin ke nema. Ka kuma sani rini ba ya rufe aibu. Tsaga za ta nuna, facin da aka yi da sabon siminti zai ɗauki wani launi dabam. Saboda haka gwada a lungu tukuna, bayan ƙofa misali.

Ranar aiki fara da sassafe, domin zafin rana na busar da rinin kafin ya ratsa. Sa safar roba, takalmin ruwa, tabarau da takunkumi, a buɗe tagogi, a janye yara da kaji. Rufe gindin bango da leda. Yi amfani da famfon feshi na roba zalla, asid na cin ƙarfe. Ka riƙa fesawa a zagaye, wani na binka da burushi yana bazawa, kada ya taru wuri guda. Za ka ga yana ɗan kumfa, alamar yana kamawa ke nan. Bar shi iya sa'o'in da aka rubuta a jikin galan.

Daga nan jiƙa bekin soda a bokiti ka kwarara, ka dirje har kumfa ya daina tashi, ka yi ta ɗauraya sai farin tsumma ya goga bai ɗauko kala ba. Yadda daɓen yake a jiƙe, kusan haka zai kasance bayan an shafa man kariya da ake kira sila. Jira ya bushe sarai, aƙalla kwana guda, sannan ka shafa silar siriri sau biyu, ka bar na farko ya bushe kafin na biyu. Da hunturu zaɓi ranar da ba iska, don ƙura na mannewa a jiƙaƙƙiyar sila. Inda ake alwala ko wanke-wanke, nemi silar da aka sa wa garin hana santsi.