Awon jinina ya nuna 112: yadda na gyara cin abinci kafin suga ya kama ni

Ina da shekara 46 ranar da aka miƙo mini takardar awon jini, lambar sukarin jini da ke ciki kuma 112 ce. Likita ta ce ciwon suga bai kama ni ba tukuna, amma ina bakin ƙofarsa. Idan mutum ya kwana bai ci komai ba aka auna shi da safe, ƙasa da 100 lafiya ce, 100 zuwa 125 gargaɗi ne, daga 126 zuwa sama kuwa, in aka maimaita ya sake nuna haka, ciwon ya tabbata. Na ce mata, "Likita, ni fa ko a shayi ba na zuba sukari." Sai ta ce, "To faɗa mini abin da ka ci jiya tun daga safe." Farin burodi, farar shinkafa tsibi guda, lemon kwalba biyu, taliya da ƙarfe goma na dare. Tun kafin in gama lissafi na gane inda maganar ta dosa.

Duk abinci mai sitaci, da zarar ya narke a ciki, sukari yake komawa ya shiga jini. Sinadarin insulin ne ke tura shi cikin tsoka da hanta. Idan kitse ya taru a ciki da hanta, sai jiki ya daina jin maganar insulin, gaɓar da ke samar da shi ta yi ta ƙara ƙoƙari shekara da shekaru har ta gaji. Wannan shi ne nau'i na biyu na ciwon suga, wanda ke kama aƙalla tara cikin goma na masu ciwon. Gado na da hannu, shekaru ma haka, amma abin da ke shiga baki kullum shi ne ɓangaren da ke hannunmu.

Ka fara da abin sha, domin nan ne gyara ya fi sauƙi kuma ya fi biya. Gwangwanin lemo mai mililita 330 na ɗauke da kusan giram 35 na sukari. Da na dawo gida na ɗauki ƙaramin cokali na riƙa ɗiban sukari ina zubawa a kofin gilas, ɗaya, biyu, har kusan tara. Na tsaya ina kallon tsibin, ga shi biyu nake sha a yini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato wajen giram 50 ga babba, in an sauko zuwa 25 ma ya fi. Ruwan 'ya'yan itace da aka matse yana cikin wannan lissafi, ko da a gida aka matse shi. Ka ci lemon zaƙi da kansa, da totuwarsa, ka kora da ruwa.

Sai faranti. Ban daina cin shinkafa ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya daina, domin haramta wa kai abinci ba ya ɗorewa. Kason na canza: rabin faranti ganye da kayan lambu, kwata kifi ko ƙwai ko wake ko nama marar kitse, ragowar kwatan kuma sitaci. Makon farko ido ya raina, amma ciki bai raina ba. Ina fara cin ganyen da waken, sitaci daga ƙarshe, don haka kafin in kai gare shi yunwar ta riga ta karye.

A sitacin ma akwai zaɓi, kuma a ganina nan ne aka fi yin sakaci. Hatsin da aka cire wa dusa aka niƙe shi luƙui yana narkewa nan da nan, sukari ya yi tsalle a jini, bayan awa biyu yunwa ta dawo. Wanda aka bari da dusarsa yana narkewa sannu a hankali. Saboda haka duk inda za ka iya, ka musanya fari da mai duhu, ka haɗa sitaci da wake, ka rage biskit da kek da soye-soye. Naman da aka sarrafa a masana'anta, irin su tsiran alade da na gwangwani, bincike da yawa sun danganta yawan cinsa da ƙaruwar haɗarin ciwon. Ka mai da shi na jefi-jefi.

Cin dare ya fi komai ba ni wahala. Na dawo da shi ƙarfe bakwai da rabi, na kuma ƙara da tattakin minti goma sha biyar bayan na ci, saboda tsoka mai motsi tana zuƙe sukari daga jini.

Kada ka ɗauka sai ka rame ƙwarai za ka ga amfani. A Amurka an bi mutum 3,234 masu irin lambata, aka fitar da sakamakon a 2002. Waɗanda aka ɗora kan gyaran abinci, da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Masu shan metformin, wani maganin suga, nasu ya ragu da kashi 31. Mai kilo 90, kilo shida da 'yan kai ake nema ya rage.

Ko babu sikeli za ka iya auna kanka. Ka samo igiya, ka yanke ta daidai tsayinka, ka ninka biyu, ka zagaya ta a ƙugu saitin cibiya ko sama kaɗan. In bakinta bai haɗu ba, teɓa ta yi yawa. Tawa ta gaza da faɗin tafin hannu a ranar farko. Bayan wata takwas ta haɗu, awon jinin kuma ya nuna 97.

In ka kai shekara 35, ko akwai mai suga a iyayenka ko 'yan'uwanka, ko ke an taɓa ce miki suganki ya hau lokacin juna biyu, a je a yi awo ko da ana jin garau, domin matakin gargaɗi ba ya nuna alama. In kuwa kana yawan fitsari da dare, ƙishirwa ba ta yankewa, kana ramewa ba dalili, ko gani na yin dishi-dishi, ka je asibiti cikin makon nan. Wanda aka riga aka ɗora kan magani kuma, ya sanar da likitansa kafin ya rage abinci sosai, don kada suga ya faɗi ƙasa.