Kafin ku yi hayar injin ɓare takardar bango

Jama'a, masu gyaran tsohon gida, musamman 'yan uwa da ke Ingila da Amurka, ku fara gwada wannan.

Ku haɗa ruwan zafi da farin ruwan khal (vinegar), rabi da rabi, a kwalbar feshi. Ku jiƙa takardar sharkaf, ku bar ta minti 15, sannan ku sa wuƙar kankare bango mai faɗi ta ƙasa. Gam na zamanin da, yawanci da sitaci aka yi shi, shi ya sa yake sakewa da ya sha ruwa. Gaggawa ce ke ɓata aikin. In ta ƙi, ku ƙara fesawa, kar ku tsaga filasta da ƙarfi.

Haɗin nan ba ya ci in fuskar takardar roba ce, ko an shafa mata fenti. Sai kun karce ta ruwa ya samu hanya. Bangon allon jifsam kuwa ba ya son ruwa da yawa.

Ku kashe wutar lantarkin ɗakin kafin ku fara feshi. Ku shimfiɗa leda a daɓen katako, don ruwa yana bar masa baƙin tabo. 

Gidan Amurka da aka gina kafin 1978, fentinsa na iya ƙunsar dalma, a gwada kafin a kankare.